Gyaran Ƙahon Lasifika Idan Ya Tsage

Darasinmu na yau a kan lasifika ne, wadda wasu ke kira amsa-kuwwa. A unguwar Kalley, kusa da Babbar Kasuwar Yamai, da ita ake kiran salla. Da ita ake shelar ranar allurar rigakafi, da cigiyar yaron da ya ɓata. Idan ƙahonta ya tsage, murya sai ta riƙa kaɗawa, magana ba ta fita sosai. Uwa tana iya jin shela amma ta kasa gane ranar, ɗanta ya rasa allura.

Da me aka yi ƙahon?

An yi shi da sanholo, irin ƙarfen da maƙeran kasuwar Katako ke narkawa suna zuba tukwane. Sanholon da aka zuba ba shi da nauyi, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma ba ya jure bugu. Faɗuwa ƙasa, ko iskar hadari, ko ɗaure noti da ƙarfin tsiya, duk suna iya tsaga shi. Rawar da sauti ke sa shi kullum tana ƙara wa tsagar tsawo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwan sama da ƙura ke bin tsaga su ɓata kan lasifika. Saboda haka mu yi gyara tun tsagar tana ƙarama, kafin damina ta kankama a watan Yuni.

Yadda za mu yi gyaran

1. Mu kashe wuta, mu cire waya, sa'an nan mu sauko da lasifikar. Mutum ɗaya ya riƙe tsani.

2. Mu kwance kan lasifika daga ƙahon, mu ajiye shi a inuwa. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar waya. Zafi da garin ƙarfe suna lalata su.

3. Mu nemi inda tsagar ta fara da inda ta ƙare. Mu huda ƙaramin rami mai faɗin milimita 3 a kowane ƙarshe. Ramin nan shi ke hana tsagar ci gaba. Kada mu huda da ƙusa da guduma, sai da abin huda ƙarfe.

4. Mu wanke wurin da sabulu, mu bar shi ya bushe sarai. Mu goge fenti da samfefa har ƙarfen ya yi haske.

5. Mu sami gam mai kwalba biyu, kamar Araldite mai jinkirin bushewa. Mu haɗa su daidai wa daida, mu cika tsagar nan take.

6. Mu yanko fallen sanholo wanda ya fi tsagar tsawo da faɗi. Mu shafa masa gam, mu manna shi ta bayan ƙahon, don ciki ya zauna sumul. Idan tsagar doguwa ce, mu ƙara da ƙananan noti.

7. Mu bar shi awa 24 bai motsa ba. Bayan haka mu shafa fenti, mu mayar da kan.

Yaushe za mu je wurin mai walda?

Idan tsagar tana wuyan ƙaho, ko wurin da ake rataye shi, gam ba zai riƙe ba. Amma ba kowane mai walda ke iya aikin sanholo ba. Sanholo yana narkewa a zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya wuce digiri 1,500. Kuma sanholo ba ya yin ja kafin ya narke. Wanda ya saba da waldar ƙofa kaɗai yana iya ɓula shi kafin ya ankara. Mu tambaya tukuna: "Malam, kana da waldar iskar argon?" Idan ƙahon ya farfashe, mu sayar wa maƙeran Katako, mu cika kuɗi mu sayi sabo.

Mu kula da lafiyarmu

Mu rufe hanci da ƙyalle lokacin guga. Mu wanke hannu idan gam ya taɓa mu. Kada mu kalli hasken walda, kuma mu kori yara daga wurin. Lokacin gwaji mu fara da ƙaramar murya, mu tsaya bayan ƙahon, domin ƙara mai tsanani tana kashe ji.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake huda rami a ƙarshen tsaga?
2. Awa nawa gam ke yi kafin ya kama?
3. Wace irin walda ta dace da sanholo?

Mu rubuta amsoshin a littafinmu, mu kai wa malamin ajinmu.