Dalilin Da Ya Sa Scapy Ke Ƙin Kamo Fakiti A Python, Da Yadda Ake Gyara Shi

Duk saƙon da ya fita daga waya ko kwamfuta, ana yanyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi da ake kira fakiti kafin ya bi intanet. Mai koyon Python da ke son ganin waɗannan fakitoci da idonsa yakan fara da Scapy, manhajar da Philippe Biondi ya ƙirƙira. Layi biyu sun isa:

from scapy.all import sniff
sniff(count=10, prn=lambda p: p.summary())

Sai dai sau da yawa mutum zai danna, ko dai kuskure ya fito, ko allon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Yawanci laifin ba na waɗannan layuka ba ne. Wurare huɗu ya kamata a duba, ɗaya bayan ɗaya.

1. Izini

Kamo fakiti aiki ne da na'ura ba ta barin kowa ya yi. A Linux, idan aka ga "Operation not permitted", sai a sa sudo a gaban umarnin. A nan kuma wata matsalar ke ɓullowa: Python ya ce bai san Scapy ba, alhali an girka shi. Dalili shi ne sudo na kiran Python ɗin babban mai iko, ba wanda ke cikin venv ba. Maganinsa a rubuta cikakkiyar hanyar, misali sudo venv/bin/python kamu.py. Haka kuma kada a raɗa wa fayil suna scapy.py, domin Python zai ɗauko shi a madadin manhajar ta gaske.

A Windows kuwa, sai an girka Npcap. Tsofaffin darussa na cewa WinPcap, amma tun 2013 rabonsa da sabon fitowa.

2. Ƙofar da ake saurare

Kwamfuta ɗaya na iya samun ƙofofin sadarwa da yawa: ta Wi-Fi, ta kebul, ta VPN, da wadda VirtualBox ya ƙirƙira. Idan ba a faɗa wa Scapy ba, shi zai zaɓa da kansa, kuma yana iya tsayawa gadi a ƙofar da ba kowa ke bi ba. A rubuta print(conf.ifaces) bayan an ɗauko conf daga scapy.all, a ga sunayen, sannan a saka wadda ake amfani da ita, kamar iface="wlan0". Wanda ya jona waya da kebul ɗin USB don samun data, ya sani sabuwar ƙofa ce ta buɗe, da nata sunan daban.

3. Matata

Nan ne aka fi ɓata lokaci. Scapy na amfani da tsarin tacewa na BPF, irin na tcpdump. Wanda ya saba da akwatin bincike na Wireshark zai rubuta tcp.port == 80, Scapy ya ƙi karɓa. Daidai shi ne filter="tcp port 80".

Wani lokacin rubutun daidai ne, amma fakitin ya bi wata hanya. Mutum zai tsare tcp port 443, ya buɗe YouTube a Chrome, ya ga ɗan abu kaɗan, saboda bidiyon na iya bin QUIC, wanda ke kan UDP 443. Haka mai jiran tambayoyin DNS a udp port 53 zai iya yin jiran gawon shanu idan burauzarsa na tura su a ɓoye ta HTTPS. Dabarar ita ce a cire matatar gaba ɗaya tukuna. Idan fakitoci suka fara zubowa, an kama ɓarawon.

4. Abin da ba zai yiwu ba

Kwamfutar da ke kan hotspot na waya tana ganin fakitocinta ne da waɗanda aka watsa wa kowa, ba ta ganin hirar sauran na'urori. Abin da ya bi ta HTTPS kuma a rufe yake: za a ga adireshin IP da girman fakiti, ba za a karanta saƙon ba.

Mai aiki da Termux a Android ba zai iya kamo fakiti kai tsaye ba sai wayar na da root. Hanya mai sauƙi ita ce manhajar PCAPdroid, wadda ke kamawa ba tare da root ba, ta adana a fayil ɗin pcap, sai a buɗe shi da rdpcap a Python.

Gwajin da ke raba gardama

Idan duk an duba abin bai yi ba, a gwada sudo tcpdump -i wlan0 -c 10. In tcpdump ya kamo, gyaran yana cikin rubutun Python. In shi ma ya yi shiru, matsalar na ga na'urar ko ƙofar, kuma sake rubuta lambobi ba zai amfana komai ba. Ga mai kamu na dogon lokaci, a ƙara store=False don kada fakitoci su cinye RAM.

Gargaɗi na ƙarshe: a yi gwaji a kan na'ura da sadarwar kai, ko inda aka samu izini. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta tare saƙonnin wasu ba bisa ƙa'ida ba.