Mu Koyi Turanci: Yadda Ake Yin Tambaya



Uwargida, sau nawa kika fito daga ɗakin likita da takardar magani a hannu, alhali akwai tambayar da kika haɗiye? Kalmomin kin san su, yadda za ki jera su ne ya tsaya miki a wuya. Sai kin dawo gida ki fara juya kwalbar maganin, shin kafin abinci za a ba yarinyar ko bayan ta ci? To, darasinmu na yau ke nan.

A Hausa tambaya ba ta da wahala. Idan kika ce "Likita ya zo" kin ba da labari. Idan kika ɗaga murya kika ce "Likita ya zo?" kin yi tambaya, kuma ko kalma ɗaya ba ta bar wurinta ba. Iyaka mu sa "shin" a gaba ko mu ƙara "ko" a ƙarshe. Turanci kuwa sai an yi musayar wuri. Akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da ake kira mataimakan aikatau, irin su am, is, are, was, were, can, will, should, da have ko has idan suna rakiyar wani aikatau. Idan jimla tana da ɗaya daga cikinsu, ki ɗauko shi ki ajiye shi a farko, shi ke nan.

"The doctor is coming" sai ta zama "Is the doctor coming?" wato likita yana zuwa?
"She has eaten" sai ta zama "Has she eaten?" wato ta ci abinci?
"Should I give it before food?" wato in ba ta kafin abinci?

Inda ake yin tuntuɓe shi ne jimlar da ba ta da mataimaki. Ki duba "She eats well", tana cin abinci sosai. Babu is, babu can, me za ki ɗauko? Sai a yi abin da muke yi idan gishiri ya ƙare ana tsakiyar girki, a aika maƙwabta aro. Abin aron nan guda 3 ne: do idan ana maganar I, you, we ko they, does idan he, she ko it ne, did kuma ga duk abin da ya riga ya wuce, ko wa ya aikata. Amma ki lura da kyau, da zarar ɗan aro ya shigo, shi ke ɗaukar kayan, aikatau ya koma yadda yake tun asali. Shi ya sa za ki ce "Does she eat well?" ba "eats" ba, domin harafin s ya koma jikin does. Haka "He went to school" za ta zama "Did he go to school?" Wallahi har masu takardar sakandare na sha jin suna cewa "Did he went?" To did ta riga ta nuna abin ya wuce, ba a dafa tuwo sau biyu.

Kalmomin tambaya kuwa na san yawancinmu mun haddace su: what me, who wa, where ina, when yaushe, why don me, how yaya. Su ne a sahun gaba, sai mataimaki, sai mai aikin, sai aikatau: "When should I come back?" yaushe zan dawo? "Where is he going?" ina za shi? "Nawa" tamu ta rabu biyu a Turanci. Kuɗi da abin da ba a ƙirgawa, kamar ruwa, how much ne: "How much does it cost?" Abin ƙirgawa kuma how many: "How many times should she take it?" sau nawa za ta sha? Idan wanda ya yi aikin kike nema, ba sai kin yi aro ba: "Who called?" wa ya kira? "What happened?" me ya faru?

Saura wadda ta fi damuna, tambaya mai korewa. Idan aka ce miki "Ba ki ci abinci ba?" kika ce "E", duk Bahaushe ya san ba ki ci ba. A ƙa'idar Turanci akasin haka ne. Na taɓa raka wata maƙwabciyata awon ciki, nas ta tambaye ta "Didn't you take the tablets?" wato ba ki sha ƙwayoyin ba? Baiwar Allah ta ce "Yes", nufinta e, ban sha ba. Nas ta sunkuya za ta rubuta cewa ta sha, sai da na sa baki. Maganin ƙarin jini ne fa, ga mai ciki wata bakwai. A Turanci amsa tana bin abin da ya faru ne, ba yadda aka tsara tambayar ba. Kin sha, "Yes, I did." Ba ki sha ba, "No, I didn't." Kuma da yake ma'aikatanmu da yawa su ma da harshen gida suke tunani, ba ki san yadda za a ɗauki "Yes" tsurarta ba. Don haka kada ki tsaya a kalma ɗaya, ki cika amsar.

Ga aikin gida. Ki mayar da waɗannan tambaya a littafinki, ki sa ayar tambaya a ƙarshen kowace, sannan ki karanta su da ƙarfi ko da yara za su yi miki dariya:

1. The baby is sleeping.
2. My son passed the exam.
3. She takes the syrup at night.

Ta 3 ɗin ki yi ta sau biyu, ɗaya da does, ɗaya ki fara da when. Amsoshin suna nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.