Injin da Ba a Yi Shi da Turbo Ba, Iska Nawa Zai Ɗauka?

Tambaya: Ina da Corolla ƙirar 2004, ban taɓa buɗe injinta ba. Ina so in ɗaura mata turbo. Matsin iska nawa za ta jure? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kashe kuɗinka. Idan injin motarka 1ZZ-FE ne, yana matse iska kashi 10 zuwa 1 tun daga masana'anta, don haka sararin ƙari kaɗan ne. Idan injin lafiyayye ne, ka tsaya tsakanin psi 5 da 7.

Abin tsoron shi ne mai ya kama wuta kafin lokacinsa. Za ka ji ƙas-ƙas a ciki idan ka taka totur a hawa, wannan kuwa shi ke fasa fistan ya ƙona gaskit. Zafin Afrilu da fetur mara kyau suna ƙara jawo shi.

Ka fara sa bakanike ya auna matsin kowace silinda. Sannan sai manyan nozul, na'urar sanyaya iska, da gwanin da zai sake saita kwamfutar motar. Idan ba ka samu gwanin nan ba, don Allah ka bar injin yadda yake.