Yadda mai cutar MS zai motsa jiki ba tare da ya jigata ba

A shekarar 1970 likitoci suka shaida wa Jimmie Heuga, Ba'amurken da ya ci lambar tagulla a wasan zamiya kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta 1964, cewa yana ɗauke da cutar MS. Shawarar da suka ba shi ita ce ta wancan zamani: ya nemi wuri ya zauna, kada ya wahalar da jikinsa. Ya bi na 'yan shekaru, ya ga ƙarfinsa sai zagwanyewa yake, sai ya koma hawan keke da atisaye. A 1996 wani bincike da Dakta Jack Petajan ya jagoranta a Jami'ar Utah ya gaskata shi: masu cutar da suka motsa jiki sun ƙara ƙarfi da kuzari, damuwarsu kuma ta ragu.

MS cuta ce da garkuwar jiki ke juyawa ta far wa rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar robar da ke jikin wayar lantarki idan ɓera ya gwaguye ta. Saƙo sai ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya yanke a hanya. Daga nan ake samun gajiya mai nauyi, da gani dishi-dishi, da sanƙarewar tsoka, da tangaɗi, da matsalar riƙe fitsari. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, mata sun ninka maza.

Matakin farko shi ne ganin likita, musamman likitan fisiyo, don ya auna tafiya da tsayuwa da ƙarfin ƙafafu. Alamomin cutar sun bambanta daga mutum zuwa mutum, atisayen da ya karɓi wani yana iya kayar da wani.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta sa aka daɗe ana tsoron atisayen. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura ganin wasu majinyatansa na dusashewa bayan sun motsa jiki. Daga baya aka gano zafin jiki ne sila: ƙarin rabin digiri kawai ya isa ya sa jijiyar da rufinta ya lalace ta kasa isar da saƙo. Mutum na cikin tafiya sai ya ji ƙafa ta yi nauyi, ko rubutun allon da ke gabansa ya dagule. Abin na tayar da hankali, amma ba sabon rauni ba ne. Da jiki ya huce yake komawa yadda yake. Don haka lokacin atisaye shi ne sanyin safiya, ko bayan rana ta faɗi. Cutar ba ta yawaita a ƙasashe masu zafi ba, amma wanda ke da ita a Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, bai kamata ya yi wasa da wannan ba. Ya watsa ruwan sanyi kafin ya fara, ya sa tufa mara nauyi, ya rataya jiƙaƙƙen tawul a wuya, gorar ruwa mai sanyi kuma tana hannu yana kurɓa. Mai halin zuwa iyo ya tabbata ruwan bai wuce digiri 29 ba.

Mataki na gaba shi ne sanin awo. Ƙa'idar da masana a Kanada suka fitar a 2013 ga waɗanda cutar ba ta yi wa mugun kamu ba ita ce minti 30 na tafiya ko keke sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka shi ma sau biyu. Ba ranar farko ake kai wa nan ba. Minti biyar ko goma sun wadatar, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya magana amma numfashi ba zai bar shi ya rera waƙa ba. Masu fisiyo suna da ma'auni mai sauƙi: idan bayan awa biyu da gamawa jiki bai koma daidai ba, an wuce gona da iri, gobe sai a rage.

Ƙarfafa tsoka bai buƙatar na'ura. A zauna kan kujera mai ƙwari, a miƙe, a koma a hankali, sau goma. A ɗaga gorar ruwa a kowane hannu. Mai sanƙarewar ƙafa ya dafa bango, ya mayar da ƙafa ɗaya baya diddige na ƙasa, ya tsaya daƙiƙa 30 har ya ji sharaɓa ta miƙe, ba tare da fizga ba. Wanda yatsun ƙafarsa ke jan ƙasa ya rabu da silifa, ya sa takalmi mai rufi, ya kuma guji hanya mai gargada.

Mutane da yawa kan ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Kuskure ne, domin ƙishi na ƙara gajiya, fitsari mai kauri kuma na daɗa tsokanar mafitsara. Gara a zagaya kafin a fita, a zaɓi hanyar da ba ta yi nisa da gida ba. Ranar da gajiya ta yi kaka-gida kuwa, a raba minti 30 ɗin gida uku. Shara da shanya da ban ruwan shuka duk suna cikin lissafi. Ƙungiyar masu cutar ta Amurka ta sa irinsu cikin minti 150 na mako da ta ba da shawara a 2020.

Akwai inda ake dakatawa. Sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta, idan ta wuce awa 24 ba ta lafa ba duk da jiki ya huce, tana iya zama tashin cutar ne, sai a ajiye atisaye a nufi asibiti. Haka ma idan akwai zazzaɓi ko zafin fitsari, domin ciwon mafitsara kan tayar da tsofaffin alamomi, kuma sai an magance shi tukuna ake komawa, a soma daga minti biyar.