Amsoshin Tambayoyinku: Me Wutar Lantarki Ke Yi wa Ƙwayar Shuni?

Wani marini daga Ƙofar Mata, Kano, ya ji an ce masana na haɗa na'urar lantarki da ƙwayar sinadari ɗaya tak, har ma an ambaci shuni. Yana so ya san abin da wuta ke yi wa abu ƙanƙani haka, ko ba ta ƙona shi.

Madalla da wannan tambaya, Malam. Shunin da kuke samu daga baba tarin ƙwayoyi ne da ake kira molekul. Kowace ɗaya ƙwayoyin zarra 30 ne a ɗaure da juna: kabon 16, haidurojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Kada a ɗauka wuta ce ke fara motsa su. Ko babu ita, kullum cikin karkarwa suke.

Idan aka maƙala molekul tsakanin bakin wayoyin zinare biyu, ilektoron, wato ƙwayoyin da gudunsu shi ne wutar lantarki, sai su bi ta cikinta. Yawancinsu kan wuce salin-alin. Kaɗan kuwa sukan bar mata wani abu daga ƙarfinsu, kamar yadda ɗan yatsa ke taɓa tsirkiyar garaya, sai karkarwar ta ƙaru. Amma fa sai turin wutar ya kai wani mizani, domin kowace irin karkarwa da gwargwadon ƙarfin da ke tayar da ita. Da ya kai, gudun wutar ma yakan ɗan sauya. Da wannan sauyi ne Wilson Ho da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka auna karkarwar molekul ɗaya ta asitilin, iskar nan ta masu walda, a 1998.

Batun ƙonewa kuwa, kusan ka canka, sai dai ba harshen wuta za a gani ba. In karkarwar tana taruwa fiye da yadda wayoyin ke janye zafin, ɗaurin ya tsinke, na'ura ta mutu. Wannan na cikin abin da ke ci wa masana tuwo a ƙwarya tun da biyu daga cikinsu, Aviram da Ratner, suka kawo shawarar irin wannan na'ura a 1974.

Labarin shuni gaskiya ne, da ɗan gyara. A 2012 masana a Jami'ar Johannes Kepler da ke Linz, Ostiriya, sun yi da shi tiranzista, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa wuta hanya ya rufe. Sai dai siririyar shimfiɗa ce ta ɗimbin ƙwayoyi, ba ɗaya ba, kuma tataccen shuni ne, babu toka babu kanwa.