Rawar Sitiyari Lokacin Taka Birki: Darasi Daga Garejin Bakanike

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Jalingo zuwa Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, ba zai rasa ganin sitiyari na karkarwa a hannun direba idan ya taka birki ba. Direbobi kan ce "halinta ne", alhali kuwa mota ce ke kai ƙara. Wannan darasi zai nuna yadda ake gano tushen matsalar, tare da kalmomin da bakanikai suka aro suka Hausantar, domin amfanin ɗalibin harshe.

Tambayar Farko

Gwanin bakanike ba ya fara ɗaukar sifana sai ya tambaya: "Yaushe take rawar?" Idan sitiyari na rawa a kan gudu ko da ba a taɓa birki ba, laifin na taya ne: ko tana bukatar balansin, ko rim ya lanƙwashe. Idan kuwa sai an taka birki, hankali ya koma kan ƙafafun gaba, domin su ne ke haɗe da sitiyari. Rawar da ake ji a kujera takan fito ne daga birkin baya.

Inda Matsalar Take

Na ɗaya, faifan birki, wanda bakanikai ke kira dis. Idan kaurinsa ya bambanta, ko da bai kai milimita 1 ba, birki fad zai riƙa kamawa yana saki a kowane juyi. Wannan kama-saki shi ne ke isa hannun direba. Abin da ke jawo shi sun haɗa da zafin doguwar taka birki a gangara da lodi, da tsatsa a mazaunin faifan, da ɗaure notocin taya ba daidai ba. Shi ya sa ake ɗaure noti a tsallake, ba a jere ba.

Na biyu, kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai. Idan ta maƙale, mota za ta riƙa ja gefe guda, ƙafar ta yi zafi fiye da 'yar'uwarta, har a ji ƙauri.

Na uku, a ɗaga motar da jak a girgiza tayar. Motsi daga hagu zuwa dama yakan nuna tayarod ya ci. Daga sama zuwa ƙasa kuwa, boljoyin ne ko boris.

A lura: motar da ke da ABS takan harba ƙafar direba idan an taka birkin gaggawa. Wannan aikinta ne, ba ciwo ba.

Magani

Ana iya kai faifan wurin injin a share fuskarsa, muddin bai gaza kaurin da kamfani ya rubuta a jikinsa ba. Idan ya gaza, sai canji, kuma dama da hagu tare da sababbin fad.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, mu duba yadda dis, kalifa, tayarod da boris suka bi tsarin sautin Hausa. Gareji fage ne na nazarin aron kalmomi. Ga direba kuwa, ran fasinja amana ne, kuma rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, amin.