Amfanin Yada Zango

Kowane matafiyi, in ya ɗaura niyya, zuciyarsa tana can inda za shi. Saboda haka in mota ta tsaya a hanya sai ka ji fasinja suna gunaguni, wani na cewa direba ya ɓata musu lokaci, wani na ɗaga kai yana duban rana. To, a wannan darasi muna so mu duba ko tsayawan nan hasara ce, ko kuwa ita ma tana cikin tafiyar. Don mu gane, sai mu fara da mutanen da, gama sun san zango tun ba a san mota ba.

Zango shi ne wurin da ayari ke sauka su kwana. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, fataken Hausa da ƙafa su kan tafi Gwanja sayen goro, suna kore da jakai da takarkarai. Su kan ɗauki kanwa, da tufafi, da fatu, da gabu, su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su kai Salaga, wadda ta ke cikin ƙasar Gana ta yanzu. Zuwa da komowa ya kan ci wata 6, wani lokaci har shekara guda. Ayarin kuwa ba ƙanana ba ne. Cikin 1826 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya tarad da ɗaya a Kayama ta ƙasar Bargu, suna komowa daga Gwanja. Ya ce mutanensa sun fi 1,000, maza da mata, dabbobi ma kamar haka.

Shugaban ayari shi a ke kira madugu, mai shige musu gaba kuma jagaba. Babu abin da a ke gwada hankalin madugu da shi kamar zaɓen zango. Ba ya sauke mutane don ya ga sun gaji kaɗai. Ya kan nemi wurin da akwai ruwa, da ciyawar dabbobi, kusa da gari mai sarki wanda ba ya cin amanar baƙo. Nan za a biya garama, watau kuɗin wucewa, mutanen gari su fito da hatsi da nono da itace su sayar. Su kan tashi tun da asuba, su sauka kafin rana ta take, don dabbobi su sami kiwo da sauran haske.

In an sauka ba kwanciya a ke yi ba tukuna. Sai kowane falke ya kwance kaya, ya ɗauke akumari, ya shafa bayan jakinsa ya ga ko ya fara miki. Ƙaramin miki in an gan shi yau a kan yi masa magani, a gyara ɗaurin kaya. In ba a gan shi ba sai bayan kwana uku, to, jakin ya tashi daga aiki, kayansa kuwa sai kan mai shi.

Goro ya fi jaki wuyar sha'ani. Ɗanyen abu ne, ba ya son zafi, ba ya son iska. In ya bushe sai ya ƙanƙance, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Don haka a ke ƙunshe shi cikin ganye a ɗaure tam. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance ƙunshin a zango, a zauna a bi shi ɗaya ɗaya, a tsince wanda ya yi sankara a yar, a sake ganye, a yayyafa ruwa kaɗan, a ɗaure. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, amma ɓataccen goro ɗaya in an bar shi ya kan shafi na kusa da shi. Falken da ya yi ƙyuyar wannan aiki, ko da ya riga kowa isowa Kano, ruɓaɓɓen kaya ya kawo. Ashe ribarsa ba a kasuwa kaɗai ya ke samunta ba, tun a zango ya ke tsare ta.

Akwai kuma labari. A zango ne ayari mai tafiya ke gamuwa da mai komowa. In an gaisa sai tambaya: Nawa a ke sayad da goro bana? Kogi ya cika ko ya janye? Wane sarki ya ƙara garama? Ina 'yan fashi suka tare? Da abin da ya ji daren nan madugu ke shawarta hanyar gobe.

Wadansu zangunan ma sun zama garuruwa, sunan bai rabu da su ba, kamar Zangon Daura da Zangon Katab. Sa'ad da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga cikin 1892, fatake suka bazu cikin wadansu garuruwa suka zauna. Har yau a Kumasi da Ankara, unguwar da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka kafa, Zango a ke ce mata.

Yanzu jaki ya bar wa mota doguwar hanya. Daga Kano zuwa Zariya wajen mil 100 ne. Ayari ya kan yi kusan mako guda, mota kuwa awa 2 ko 3 ta kai. Mai karatu zai ce, to, ina amfanin zango ga wanda zai ci abincin rana a gidansu? Amma ba duk tafiya ce ke ƙarewa a Zariya ba, wani Kaduna za shi, wani har Ikko. Abubuwan da madugu ke dubawa kuwa ba su tafi tare da jakai ba.

Mu fara da direba, gama ran kowa yana hannunsa. Mutum in ya daɗe yana duban kwalta, ga zafi, ga ƙugin inji, sai gyangyaɗi ya zo masa ba sallama. Ga lissafi. Motar da ke gudun mil 60 a awa tana cin mil ɗaya kowane minti. In idon direba ya rufe na sakan 3 kacal, ta yi yadi 88 ba mai tuƙi. Shi ya sa a dokokin hanya na Ingila aka shawarci direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa 2. Goro da shayi su kan ɗan kore barci, amma ba su biyan bashinsa. In barcin ya yi nauyi, maganinsa a ratse a runtsa. Fasinjan da ya ga direba na hamma, sa'an nan ya hana shi tsayawa don yana sauri, bai san inda ya ke saurin zuwa ba.

Motar ma jakin zamani ce, tana da nata mikin. Direban kirki in ya tsaya ya kan kewaya ta, ya duba tayoyi ko wata ta sace ko ta yi ƙari, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, yaron mota kuma ya ƙara ɗaure igiyar kaya. Abu ɗaya ne a ke kiyayewa: ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, don tafasasshen ruwa na iya tsartuwa ya ƙona fuska. Sai a jira ya huce. Tayar da aka ga aibinta kusa da mai faci, ɗan kuɗi kaɗan ta kan ci. Wadda ta fashe cikin gudu, Allah kaɗai ya san abin da za ta ci.

Salla kuma tana da nata hakki. Malamanmu na mazhabar Maliku sun ce in tafiya ta kai mil 48, matafiyi ya yi ƙasaru, watau sallar raka'a huɗu ya yi ta biyu. Sauƙi ne aka yi masa, ba a ɗauke masa ba. Zango nagari shi ne wanda za a sami ruwan alwala da wuri mai tsabta, mata kuma su sami inda za su kewaya ba a kan idon jama'a ba. Wannan na ƙarshe direbobi da yawa su kan manta da shi, su tsaya inda ya yi wa maza daidai.

Sa'an nan zango makaranta ce ga mai ido. Abin da a ke tallansa a bakin hanya shi ke gaya maka irin ƙasar da ka ke ciki. In ka baro Kano ka iso Kura sai ka ga shinkafa. Gaba kaɗan, a Kwanar Gafan, da rani kwandunan tumatir sun cika fili. Me ya kawo tumatir lokacin da ba ruwan sama? Madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka gama cikin 1974, ita ke shayad da gonakin nan ta magudanai. In ka shiga ƙasar Zazzau, wajen Tashar Yari, sai rake da mazarƙwaila, gama fadamun ƙasar Maƙarfi sun karɓi rake ƙwarai. Yaron da aka sauke ya tambayi mai talla daga ina kayan nan, ya sami karatun labarin ƙasa wanda ba zai manta ba. Wanda aka bari cikin mota kuwa ƙura kaɗai ya gani ta taga. In za ka sayi kwando dai, ka ce a juye maka ka ga na ƙasa.

Wajen abinci, ka nemi wanda aka dafa a gabanka, ka ci da zafinsa, kamar ƙosai daga kasko ko tsire daga wuta. Wanda ya wuni a buɗe ƙuda na bi, ka bar shi ko da arha. Ciwon ciki a gida wahala ne, balle a mota.

Ba kowace tsayawa ce zango ba. Madugu ba ya kwana a dokar daji in da gari a kusa, haka kuma bai kamata mota ta tsaya da dare inda ba mutane ba. Ba a tsayawa a kwana, ko bayan tudu, ko rabin mota bisa kwalta, don mai zuwa a guje ba zai gan ta ba sai ya iso. In lalacewa ta tilasta, a sa alama nesa, gaba da baya. In kuwa ganye ko duwatsu aka jera, a kwashe su kafin a tashi, kada su zama tarko ga na baya.

Tambayar hanya har yanzu tana nan da amfaninta, ko da ya ke waya tana aljihun kowa. Direban da ya fito daga inda za ka, shi ya san inda gada ta karye da inda a ke gyara, ya kuma san ko ya kamata a wuce bayan magariba ko a kwana nan. Ka gaishe shi, ka tambaye shi. In an gama za a tashi, a ƙirga mutane, tun ba yara ba, kafin direba ya ta da mota.